Asinine, hircine, porcine: dabbobin da ke ɓoye cikin "babban Turanci"

1/ Zare 🧵
Akwai wasu kalmomin Turanci masu ƙarewa da -ine da ake jefa wa mutum a nan in musu ya yi zafi, don a rufe masa baki: asinine, bovine, vulpine. Ni a ganina ya kamata mu san su, amma don mu iya karatu, ba don burga ba. Ku biyo ni mu feɗe su. Yawancinsu sunan dabba ne kawai aka sa wa babbar riga.

2/ Wutsiyar -ine ɗin nan daga Latin take, harshen Rumawan dā. A can -inus ne, ma'anarsa "na kaza" ko "mai halin kaza". Ka ɗauki sunan dabba, ka liƙa masa wutsiyar, shi ke nan. Canis kare, canine na kare. Felis kyanwa, feline na kyanwa. Equus doki, equine na doki. Fiƙar da ke bakinka ma canine likitan haƙori ke ce mata, don ta yi kama da ta kare.

3/ Asinine. Asinus jaki ne. Wanda ya ce maka maganarka asinine ce, cewa ya yi maganar jakanci ce. Zagin da ake yi a tashar mota kullum, sai dai wannan ya saka kwat 😂

4/ Hircine ita ce ta fi ba ni dariya. Hircus bunsuru ne, kuma ana amfani da kalmar a kan wari da kuma jaraba. Wato warin bunsuru da halin bunsuru. Ka ga Barume da Bahaushe ba su taɓa zama sun yi shawara ba, amma hukunci ɗaya suka yanke wa bunsuru. Har yau sunan akuyar gida a kimiyyance Capra hircus ne.

5/ Vulpine daga vulpes, dabbar nan 'yar uwar yanyawa da Turawa ke ɗora wa wayo da makirci. Mu a tatsuniya gizo da dila muka ba wannan aikin. Don haka in an ce murmushin wani vulpine ne, ka karanta shi a matsayin murmushin dila.

6/ Da sauri:
aquila mikiya, aquiline hanci mai lanƙwasa kamar bakinta
corvus hankaka, corvine
pavo ɗawisu, pavonine
anser dinya, anserine, kuma tana nufin wauta
mus ɓera, murine
ovis tunkiya, ovine
leo zaki, leonine

7/ A kan bovine ne nake da ƙorafi. Bos saniya ce ko sa. A Turanci in an kira mutum bovine ana nufin mai nawa, mai duhun kai, wanda ke kallonka ba ya fahimta. Je ka gaya wa Bafulatanin da ya san kowace saniya a garkensa da sunanta da halinta. Wannan ra'ayin wasu mutane ne a kan dabba, ya daskare ya zama kalma a ƙamus. Su kansu Rumawan ba su raina dabbar kiwo ba: kalmarsu ta kuɗi, pecunia, daga pecus take, wato dabbobin kiwo. Daga nan Turanci ya samo pecuniary, "abin da ya shafi kuɗi".

8/ To me ya sa Turanci ke da kalma har uku a kan dabba ɗaya? Cow, beef, bovine. Tarihi ne. A 1066 William na Normandi ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da kotu na ɗaruruwan shekaru. Tsohuwar kalmar Ingilishi ta zauna a kan dabbar da ke yawo a gona, cow, sheep, swine. Kalmar da ta zo daga Faransanci ta koma kan naman da ke cikin kwano, beef, mutton, pork.

9/ Hawa na uku na malamai ne. Latin shi ne harshen coci da jami'a da likitanci a Turai, don haka masu rubutu suka riƙa ɗebo kalmomi kai tsaye daga cikinsa, musamman a ƙarni na 16 da na 17. Daga baya Carl Linnaeus, mutumin Suwidin, ya tsara sunayen halittu da Latin a littafinsa Systema Naturae, wanda ya fara fitowa a 1735. Wannan ya ƙara kafa irin waɗannan kalmomi a bakin masana dabbobi da likitoci.

10/ Kar abin ya zame mana baƙo, mu ma muna da hawa-hawan nan. Ya mutu, ya rasu, ya yi wafati. Abu ɗaya ne ya faru, amma na ukun daga Larabci yake, kuma kowa ya san bakin da ya fi fita daga ciki. Matsayin da Larabci ke da shi a Hausa, kusan shi Latin ke da shi a Turanci.

11/ Abin da masu burga ba sa gaya muku: Turawan da kansu sun yi faɗa a kan wannan ɗabi'a. A ƙarni na 16 har suna suka raɗa wa irin kalmomin, inkhorn terms, kamar ka ce "kalmomin kurtun tawada", waɗanda ba sa fitowa sai daga alƙalamin mai son a ce ya yi karatu. Thomas Wilson ya caccaki masu yin haka a littafinsa The Arte of Rhetorique a 1553. Wasu kalmomin sun rayu, wasu sun mutu. Impede tana nan, 'yar uwarta expede ta ɓace.

12/ A Najeriya kuwa mun mayar da abin nishaɗi. Kowa ya san yadda bidiyon Patrick Obahiagbon ke yawo, a yi dariya a tafa. A matsayin wasa ba ni da matsala da shi. Matsalata ita ce ɗalibin da ya ɗauka haka iya Turanci yake, ya zauna yana haddace kalma ɗari biyu daga jerin da aka turo a WhatsApp, bayan sati biyu ba ko ɗaya a kansa. In ka riƙe tushe goma sha biyar da wutsiya ɗaya, kalmar da ba ka taɓa gani ba ma za ka iya kwance ta a ɗakin jarrabawa.

13/ Yanzu ga inda maganar ta wuce jarrabawa. Porcus alade ne. Porcine, na alade.

14/ Ɓawon wasu ƙwayoyin magani na kafso, da wasu alewoyi masu taunuwa da ake shigowa da su, da gelatin ake yin su. Shi kuma gelatin daga fata da ƙashin dabba ake samo shi, galibi alade ko shanu. A jikin kwali ba lallai ka ga kalmar pig ba. Abin da za ka iya gani shi ne porcine gelatin ko bovine gelatin. Heparin, allurar hana jini daskarewa, ita ma yawanci daga hanjin alade ake haɗa ta.

15/ Kar wani ya je ya zubar da maganin da likita ya rubuta masa ya ce ni na sa shi fa. Hukuncin abin da aka sarrafa har ya sauya kama, da hukuncin lalura, magana ce ta malamai kuma sun tattauna ta. Amma ta yaya za ka yi wa malam ko mai kantin magani tambaya a kan abin da ba ka ma gane an rubuta ba? Mutum ya haddace asinine don zagi a intanet, porcine na kwance a kan kwalin da ke hannunsa bai san ta ba.

16/ Haka mai kiwo. Takardar maganin dabbobi cike take da bovine, ovine, caprine, equine: na shanu, na tumaki, na awaki, na dawaki. Gwargwadon da za a ba kowanne ya bambanta, kuma sau da yawa ɗan boko na gida ake miƙa wa kwalbar a ce karanta mana.

17/ Kalmar vaccine ma saniya ce a ciki. Vacca, saniya. A 1796 Edward Jenner ya yi amfani da ƙurajen wata cutar shanu wajen yi wa wani yaro rigakafin agana, sunan ya bi abin har ya zama sunan kowace allurar rigakafi.

18/ Sai dai a yi hattara, ba kowace -ine ce dabba ba. Sanguine daga sanguis, jini: likitocin dā sun ɗauka mai yawan jini shi ne mai fara'a da kyakkyawan zato. Saturnine daga duniyar Saturn, wato Zuhal, mai ɗaure fuska. Byzantine daga daular Rumawa ta gabas da ta faɗi a 1453, ana faɗarta ga tsari mai murɗiya da yawan ƙa'idoji, irin layin rajistar da za a tura ka ofis bakwai kan sa hannu ɗaya. Chloroquine da caffeine kuwa masana sinadarai ne suka ari wutsiyar suna raɗa wa sinadarai suna.

19/ Furuci ma tarko ne, ga mai shirin burgewa a gaban jama'a. Canine "kenain" ce, sanguine "sangwin", marine kuma "mariin". Rubutu ɗaya, sauti uku.

20/ Ga guda huɗu ku gwada ba tare da Google ba: piscine, lupine, serpentine, taurine. Ta ƙarshen tana rubuce a jikin gwangwanin lemon ƙarin kuzari da wasunku ke sha lokacin jarrabawa. Ku ajiye amsa a ƙasa 👇