Buhu Mai Sunan Gona Ya Fi Daraja

Jama'a, yau zancenmu na gahawa ne, wato kofi, amma darasin na kowane manomi ne da ɗan kasuwa.

A ƙasar Fanama, can tsakiyar nahiyar Amurka, akwai wata gona ta gida guda, sunanta La Esmeralda. A 2004 masu ita suka lura wasu itatuwa na can saman tudu sun fi sauran ƙanshi. Irin nan ana ce da shi Gesha, asalinsa kuwa daga Habasha ne. Maimakon su zuba 'ya'yan cikin sauran amfanin gona yadda aka saba, sai suka ware su dabam. Da aka yi gwanjo, aka sayi laba ɗaya dala 21, alhali kuwa a lokacin laba ta gama-gari kuɗinta wajen dala ɗaya ne ko ƙasa da haka.

To, ina asirin? Masu sayen gahawa ta musamman sukan ɗanɗana, su ba da maki bisa 100. Wadda ba ta kai 80 ba, ba ta shiga sahu. Makin nan kuwa tun daga gona ake samunsa: a tsinki jajayen 'ya'ya da hannu, a bar ɗanye ya nuna, a shanya bisa gado, ba a ƙasa ba. Ƙaramin manomi da iyalinsa sun fi kowa iya wannan, don sun san kowace bishiya.

Wani zai ce wahalar ta yi yawa, kuma mai saye ɗaya in ya juya baya fa? Gaskiya ne. Itacen kan shekara 3 ko 4 kafin ya haihu, saboda haka wajibi ne mai saye ya riƙe alkawari shekara da shekaru. Amma wahalar da ta fi ciwo ita ce dillali ya cuɗa kyakkyawa da mummuna, a biya mai himma da rago kuɗi ɗaya. In aka yi haka, wa zai sake wahala baɗi?

Manoman gahawa na tsaunin Mambila, ku ware na kirki. 'Yan kasuwa, ku rubuta sunan gona a buhu, ku biya kowa gwargwadon aikinsa. Masu gyaɗa da riɗi ma, kunne ya ji.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.