Mai wankin ƙoda da rigakafin mashaƙo

Yawancinmu muna ɗaukar mashaƙo a matsayin ciwon yara. Gaskiya ne yara ya fi kashewa tun da ya ɓarke a Kano a ƙarshen 2022, kuma a 2023 ya yi ajalin wani yaro ɗan shekara 4 a Dei-Dei, nan kusa da mu. Amma akwai babban da ya kamata iyali su sa wa ido, wato mai wankin ƙoda.

Ciwon ƙoda yana raunana garkuwar jiki. Shi ya sa idan aka yi wa mai wankin ƙoda allurar rigakafi, jikinsa ba ya samar da kariya kamar na mai lafiya, kuma wadda ya samar tana saurin raguwa. Binciken da aka yi a Jamus ya nuna kariyar mashaƙo ta fi ta tetanus saurin gushewa a jikin irin waɗannan marasa lafiya. Ga kuma zirga-zirga: daga Suleja zuwa Gwagwalada ko cikin Abuja sau biyu ko uku a mako, a motar haya, sannan zaman wajen awa huɗu a ɗaki ɗaya da wasu. Mashaƙo kuwa ta tari da atishawa yake yaɗuwa.

Raunin kariyar ba hujja ba ce ta barin allurar. Allurar Td ba ta ɗauke da ƙwayar cuta mai rai, kuma injin wanki ba ya wanke ta. Babba mai lafiya yana sabunta ta duk shekara 10, amma mai wankin ƙoda ya tambayi likitansa ko lokacinsa ya yi. A yi ta a hannun da ba a sa wa allurar wanki, a kuma danne wurin sosai saboda maganin hana daskarewar jini.

Sauran aikin na mutanen gida ne. A duba katin kowane yaro, a tabbatar ya samu allurar Penta a mako 6 da 10 da 14. Kyauta ce a asibitin sha-ka-tafi. Mai juna biyu ta karɓi Td a wurin awo. Idan mutanen gida suna da kariya, da wuya cutar ta iso kan gadon majinyaci.

In kuka ga ciwon maƙogwaro da zazzaɓi da kumburin wuya, ko farar yana a maƙoshi, ku garzaya asibiti a ranar. Kada ku sayi maganin kashe ƙwayoyin cuta a kemis, domin mai ciwon ƙoda awon maganinsa daban ne, kuma maganin dafin mashaƙo sai a asibiti.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.