Maigida, buɗe mata ƙofa!

Maigida, da kai muke magana yau.

A garuruwanmu akwai mata da maza waɗanda gari ya zaɓa, likita ta hore su. Suna bi gida gida suna duba masu ciki, masu jego da yara ƙanana. Wasu na ce musu rele. Aikin ya daɗe: tun shekarun 1960 aka fara horon ungozomomi da masu ba da magani a ƙauyukan jihar Maraɗi. Amma har yau akwai maigidan da in mai ziyara ta yi sallama, sai ya ce: "Lafiya lau muke, a yi gaba." Wannan ganganci ne da ran yaro.

Ka ce: "Ɗiyar garin nan ce, mi ta sani?" Ta san abin da idonka ba ya gani. Tana da igiyar awo mai launi uku. Tana zagaya ta a dantsen yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5. In awo ya tsaya a kore, lafiya. In ya tsaya a ɗorawa, a yi hattara. In ya kai ja, tamowa ta yi ƙarfi, a kai shi likita ranar nan. Kai kuwa sai ƙafafunsa sun kumbura za ka gane.

Ka ce: "Kakanninmu ba su yi haka ba." Tambayi kakarka, yara nawa ta haifa, nawa ta rufe? Da ana zubar da dakashi, a ɗura wa jinjiri bauri. Alhali dakashi shi ne rigakafinsa na farko. Mai ziyara tana koya wa uwa ta ba da nono zalla har wata 6, ko ruwa ba a ƙarawa, ko da lokacin zafi ne. A 1998, cikin yara 1000 da aka haifa a Nijar, 226 ba su kai shekara 5 ba. A 2009 sun koma 128. An gina ƙananan likitoci a ƙauyuka, an raba sange, a 2006 kuma gwamnati ta yafe kuɗin maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5. Da kowa ya rufe ƙofarsa, da ba a samu wannan sauƙi ba.

Ka ce: "In kwana ya ƙare ba magani." To, don mi kake noma gonarka, ba ka bar wa haki ba? Zawo na ƙarar da ruwan jikin yaro cikin kwana ɗaya ko biyu. Ƙunshi ɗaya na garin gishiri da sukari cikin litar ɗaya ta ruwa mai tsabta yana maido masa da ƙarfi. Da damana kuma, wata wata ake kawo wa yara maganin rigakafin masassara har ƙofar gida. Shi ma za ka kora?

Ga kuma matarka. Satin farko bayan haihuwa shi ne mafi hatsari gare ta da jinjiri. Jini ya yi yawa, jiki ya yi zafi, jinjiri ya ƙi kama nono, cibiya ta yi ja: duk alamun a tafi likita ne ba da jinkiri ba. Kunya ba ta barin ta faɗa maka, balle in haihuwar fari ce. Amma za ta faɗa wa mace 'yar'uwarta. In ka hana su ganawa, wa zai ji?

Ka yi lissafi. Shimfiɗa tabarma ba ya cin ko dala. Neman amalanke da tsakar dare zuwa babbar likita, jika nawa ne?

Saboda haka in ta yi sallama, ka amsa. Ka fito da yaran duka, har na goye. Ka zauna ka ji da kunnenka. In ta ce a je awo ko lamba, ka ba da izini da kuɗin hanya.

Kai da ka iya karatu, karanta wa maƙwabcinka wannan a dandali.