Sharhi: Cunkoson Wuse Da Tambayar Wa Ke Riƙe Da Ragamar Sufuri

Da yamma, lokacin tashin ma'aikata, ɗan taƙin da ke tsakanin Kasuwar Wuse da mahaɗar Berger yakan koma tafiyar hawainiya. Motocin haya na lodi a gefen titi, fasinjojin Kubwa da Nyanya da Mararaba sun yi cirko-cirko, 'yan kasuwa kuma na neman wurin ajiye mota.

A takarda, wannan aikin ƙaramar hukuma ne. Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kafa kasuwanni da tashoshin mota da kula da su, Wuse kuwa tana cikin Ƙaramar Hukumar Birni, AMAC. Amma a aikace, manyan shawarwarin sufurin cikin gari daga Hukumar Gudanarwar Babban Birnin Tarayya suke fitowa, ƙarƙashin minista. Zaɓaɓɓun kansiloli, waɗanda su ne kusa da talaka, ba su da ta cewa sosai a kan inda mota za ta tsaya.

Abin da ministocin suka fi yawan yi shi ne hani. A 2006 Nasiru El-Rufa'i ya hana 'yan acaɓa shiga tsakiyar birni. A 2013, zamanin Bala Mohammed, aka kori ƙananan motocin bas, aka ce manya za su maye gurbinsu. Manyan ba su wadatar ba. Giɓin nan ne motocin gida masu kabu-kabu suka cike, ta nan kuma 'yan fashin "wan cans" suka sami ƙofa.

Ba a ce ba a yi komai ba. Jirgin ƙasan cikin gari da aka ƙaddamar a 2018, ya tsaya a 2020, ya dawo aiki a watan Mayun 2024, kuma Minista Nyesom Wike ya gina tashoshin bas a Mabushi da Kugbo. Sai dai layin jirgin ya nufi Idu da filin jirgin sama da Kubwa ne, bai bi ta Nyanya da Mararaba ba, inda ɗimbin masu sammakon zuwa Wuse ke kwana.

Gina tasha abu ɗaya ne, samar da motocin da za su riƙa tashi daga cikinta a kan lokaci wani abu ne daban. Muddin babu bas da ma'aikaci zai dogara da ita, mai hali zai ci gaba da fito da motarsa, marar hali kuma ya tsaya a bakin titin Berger yana ɗaga hannu.