Walker ba matafiyi ba ne

Ɗalibin da ya ɗan san Ingilishi, da ya ji sunan Walker sai ya ce "mai tafiya" ake nufi. Amma kama da wane ba ta wane. Sunan ya samo asali daga tsohuwar kalmar "wealcere", wato mai sana'ar tattaka sabon ƙyallen ulu cikin ruwa da yumɓu, don maiƙonsa ya fita, saƙar kuma ta yi kauri.

Sana'ar nan suna uku gare ta a Ingila: a arewa Walker, a kudu maso gabas Fuller, a kudu maso yamma, musamman Devon, Tucker. Da sunayen iyali suka zama abin gado, a ƙarni na 13 da na 14, sai kowane yanki ya riƙe tasa kalmar. Injin ruwa ya karɓe aikin daga ƙafafun mutane, amma sunayen suna nan suna nuna iyakokin karin harshen wancan zamani.

Saboda haka kuskure ne a bar nazarin sunaye ga masu neman asalin zuriya kawai. Aikin masanin harshe ne, bisa sharaɗi ɗaya: ya dogara da tsofaffin rubuce-rubuce, irin su rajistar harajin kai ta 1377 zuwa 1381. Wanda ya fassara suna da kunne kaɗai, labari ya ƙaga, kuma in ya shiga kundin digiri da wuya ya fita.