Har Yaushe Za Mu Zauna Gidan Haya A Intanet?

'Yan'uwa ɗalibai, da yayyenmu da suka riga mu kama aikin gwamnati, akwai wani sakaci da ya zama ruwan dare a tsakaninmu, wanda ya kamata mu faɗa wa junanmu gaskiya a kansa ko da za ta yi ɗaci. Mukan shafe shekara huɗu ko biyar a jami'a muna rubuta maƙalu, muna zana taswirar gine-gine, muna haɗa manhajar kwamfuta, muna bincike a ƙauyuka da ɗakunan gwaji, amma ranar da muka fita babu inda baƙo zai je ya ga ko ɗaya daga cikin wannan wahala. Kundin digiri yana can bisa kanta yana shan ƙura, sauran kuwa sun bi tsohuwar waya sun ɓace. Abin da ya rage mana shi ne takardar shaida, irin wadda dubban 'yan'uwanmu suke riƙe da ita a layin neman aiki.

Ra'ayinmu a fili yake. Wajibi ne kowane ɗalibi, kafin ya tafi bautar ƙasa, ya mallaki shafin intanet na kansa, mai ɗauke da sunansa, inda zai jera ayyukansa don duk mai bukata ya gani.

Mun san amsar da za a fara ba mu. Za a ce ai muna Facebook, muna LinkedIn, mabiyanmu ma sun kai dubbai. To madalla, amma gidan wa? Wanda ke zaune gidan haya ba ya hana mai gida sauya kwado. A 2009 kamfanin Yahoo ya rufe GeoCities, miliyoyin shafukan da mutane suka gina a kansa suka tafi. A 2019 Google ya rufe dandalinsa na Google+, kuma a wannan shekarar ce MySpace ya amsa cewa waƙoƙin da jama'a suka ɗora masa daga 2003 zuwa 2015 sun salwanta. In an ce waɗannan labaran nesa ne, to mu dawo gida. A watan Yunin 2021 gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter a Nijeriya, ba a buɗe shi ba sai 13 ga Janairun 2022. Wata bakwai ke nan wanda ya zuba dukkan hajarsa a wannan rumfa ba ya iya shiga sai ta ɓarauniyar hanya. A ƙarshen 2022 Elon Musk ya saye dandalin, a 2023 ya sauya masa suna zuwa X, bai kuwa shawarci ko ɗaya daga cikin 'yan hayar ba. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ai sai ka shafa wa naka ruwa.

Mai gardama zai ce adireshin shafi ma ai kuɗinsa ake biya duk shekara. Gaskiya ne. Sai dai muddin kana sabunta shi, ba wanda zai karɓe maka sunan don ya ga dama, kuma in masaukin da ka ajiye shafin ya ɓata maka rai, sai ka kwashe kayanka ka koma wani, adireshinka na nan yadda yake. Mabiyan dandali kuwa ba a ƙaura da su. Ba mu ce a ƙaurace wa dandalin sada zumunta ba. Kasuwa ce, a je a yi talla, amma a nuna wa mai saye hanyar gida.

Amsa ta biyu ta fi ta farko nauyi, domin daga tarbiyyarmu ta fito. An rene mu da kunya da kawaici, an koya mana cewa yabon kai jahilci ne. Ba mu musa ba. Amma a duba a ga wane ne mai yabon kan. Wanda ya cika takardar neman aiki da cewa shi haziƙi ne, mai ƙwazo, mai riƙon amana, alhali ba hujja ko ɗaya, shi ne ya yi wa kansa kirari. Wanda ya ajiye aikinsa a fili ya ja bakinsa ya yi shiru, ya bar wa masana hukunci, gani kuwa ya kori ji. Maƙeri ba ya jin kunyar baje garmarsa ranar kasuwa, majemi ba ya ɓoye fatarsa. Wannan kunya da ba a ajiye ta a muhallinta ba, 'ya'yan talakawa take cuta, domin ɗan mai hanya ba ya bukatar shafi, wasiƙar kawunsa ta ishe shi. Wanda ba shi da kowa a sama, aikinsa ne kaɗai zai yi masa iso.

Amsa ta uku ita ce tsada da wuya. Wannan kam ragwanci ne aka sa wa babbar riga. Tim Berners-Lee ya tsara yanar gizo a 1989 a cibiyar bincike ta CERN, a 1993 cibiyar ta sakar wa duniya fasahar kyauta, kowa ya kafa shafinsa ba tare da neman izininta ba. A yau GitHub Pages yana ba da masauki kyauta, manhajar WordPress ma kyauta ce, adireshi mai ƙarewa da .ng kuwa ana yin rajistarsa ta hannun dillalan da ƙungiyar NiRA ta amince da su. Wanda yake da datar kallon bidiyo har tsakar dare, ba zai ce ya rasa ta gina shafi guda ba.

Abin da za a sa a ciki ba shi da yawa. Suna, fannin karatu, adireshin imel, sai ayyuka uku ko huɗu mafiya kyau, kowanne da bayanin matsalar da aka tarar, da abin da aka yi, da abin da ya biyo baya. A rubuta da Hausa da Ingilishi, a kuma rage nauyin hotuna don shafin ya buɗe a ƙaramar waya. Kada a sa lambar NIN ko BVN ko kwatancen gida. 'Yan'uwanmu mata da ke gudun fitinar marasa kunya su sani cewa hoto ba sharaɗi ba ne, aikin ake nema. Ma'aikacin gwamnati kuma ya tuna da Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962, kada ya ɗora takardar ofis. Aikin wani kuwa kada a kuskura a sa masa sunan kai, domin intanet ba ta da mantuwa a kan ɓarawo.

Muna kira ga ƙungiyar ɗalibai da ta ware rana guda kowane zangon karatu, 'yan sashen kwamfuta su zauna da 'yan sauran sassa su koya musu wannan aiki. 'Yan ajin farko kuma kada su ce da sauran lokaci, ba a fafe gora ranar tafiya. Shafi ɗaya tak mai sunanka, komai ƙanƙantarsa, naka ne, kuma guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.