Rediyo mai gurnani: a gano ciwo kafin a biya kuɗin magani

Daga Yamai har Damagaram, da wuya a shiga ɗakin baƙi na ma'aikaci ko ɗan kasuwa ba a tarar da kayan saurare ba: rediyo, da akwatin ƙara murya wanda masu gyara ke kira ampili, da lasifika biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Kaya ne na tsada, galibi sai an yi tanadin watanni kafin a mallake su. Amma ran da suka fara gurnani ko huci a ƙarƙashin wa'azi ko labaran duniya, sai mai gida ya kwashe su duka zuwa kasuwa. Can sai a canza abin da lafiyarsa lau, a karɓi kuɗi, a dawo gida ƙara na nan yadda take. Dalili kuwa shi ne sau da yawa ciwon yana cikin ɗakin, ba cikin akwatin ba.

Kafin a taɓa komi, sai a kasa kunne, domin kowace ƙara da asalinta. Gurnani mai kauri wanda ba ya hawa ba ya sauka, muryar kuran ce. Kuran da ake rabawa a Nijar mai ƙarfin bolt 220 ne, yana kai da komo sau 50 a cikin sakan guda, kuma idan ya sami kafar shiga hanyar murya, wannan kai da komon ne kunne ke ji. Huci irin na iskar da ke fita daga tayar mota yakan fito daga raunin tasha, ko daga kaset, ko daga cikin ampilin kansa. Ƙas-ƙas da ke tashi lokacin da aka murɗa maɓalli aikin ƙura ne. Ƙarar da ke zuwa farat ɗaya ta wuce kuwa, baƙuwa ce daga wata na'ura ta gidan.

Bincike ba ya bukatar kayan aiki, haƙuri kawai yake so. Da farko a kashe ampili, a zare duk wayoyin da ke kawo masa murya daga tele da dekoder da na'urar kaset ko ta faifai, a bar shi da lasifika kaɗai, sannan a kunna. Idan ƙara ta ɓace, ampili ya kuɓuta daga zargi. Sai a riƙa mayar da wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ana kashewa kafin kowane haɗi. Wadda shigarta ta dawo da ƙara, ita ce mai laifi, ko na'urar da ke bayanta. Idan kuwa ƙarar ba ta ɓace ba, sai a murɗa maɓallin murya. Wadda ke ƙaruwa tare da murya ta shigo ne gabanin maɓallin. Wadda ba ruwanta da shi tana can ciki, wajen kayan da ke tace kuran ko masu tura murya zuwa lasifika.

Idan gefe guda ne ke ƙara, a kashe, a musanya wayoyin lasifikar dama da ta hagu a bayan ampili. In ƙara ta tsaya a lasifikar da take tun farko, to lasifikar ce ko wayarta. In ta ƙaura zuwa ɗayar, laifin yana wajen ampili ko abin da ke ba shi murya. Rediyon da ke cin pil tana da gwaji mafi sauƙi: a zare ta daga priz, a sa mata pil. Muddin ta yi shiru, ta hanyar kuran ɓarnar ke shigowa.

Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Siririyar wayar nan mai kai ja da fari tana da rigar ƙarfe a ƙarƙashin robarta, wadda ke kare murya daga kuran. Da zarar rigar ta tsinke, ko kan ya yi tsatsa, gurnani ya samu ƙofa. Canza ta ya fi kowane gyara araha. Haka kuma bai kamata a ɗaure wayar murya da ta kuran wuri guda ba. In tilas ne su haɗu, to su gitta juna, kada su yi tafiya kafaɗa da kafaɗa. Regilater da mutane ke saye saboda hawa da saukar wuta yana ɗauke da babban taransifo, kuma ɗora ampili ko na'urar kaset a kansa gayyatar gurnani ne. Nisan kamu ɗaya ko biyu yakan wadatar.

Akwai kuma wani gurnani da ke tashi idan na'urori biyu da waya ta haɗa suna da hanyoyi dabam-dabam na sauka ƙasa. An fi ganinsa inda wayar parabol ta shiga dekoder, dekoder kuma ya shiga ampili. Zare wayar parabol na minti guda ya isa a tabbatar. Maganin farko shi ne a tara dukkan na'urorin a kan priz ɗaya mai baki da yawa. In bai yi ba, akwai ƙaramin abin raba tsakani da ake sakawa a kan wayar.

Baƙin ƙara sun yawaita a gidajen yau. Firigo kan sa lasifika ta yi ƙwas duk lokacin da injinsa ya tashi. Dogon ampul na neyon da ya tsufa, da ampul na LED marar inganci, da sharjer na araha, duk suna watsa ziza, musamman a gajeren zango da matsakaici. Salular da ke kan tsohon tsarin GSM tana aika saƙonta gutsure-gutsure sau 217 a sakan, shi ya sa lasifika ke yin tat-tat-tat kafin kira ya shigo. Ƙaramin gurup, da na'ura mai araha da ke mai da wutar batirin hasken rana ta koma 220, su ma ba su ba da wuta mai tsabta. Hanyar kama su guda ce: a kashe kayan gidan ɗaya bayan ɗaya ana saurare.

Huci ma daɗaɗɗe ne a cikin waɗannan cututtuka. Tun da kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963 ake fama da shi, har Ray Dolby ya fito da tsarin Dolby B a 1968 domin rage shi. Masu ajiyar tsofaffin kaset na wa'azi da na makaɗa sai su riƙa goge kan na'urar da auduga da alkol na farmasi. A zangon FM kuwa, tasha mai rauni takan yi huci a sitiriyo. Mayar da ita mono ko gyara zaman eriya na rage shi ƙwarai.

Yanayin ƙasar ma yana da nasa kaso. Ƙurar hunturu na shiga maɓallai. A kashe na'ura a murɗa maɓallin sau da yawa, in bai daina ba, mai gyara ya fesa masa maganin wanke mahaɗa, ba man keke ba. Zafin Afrilu da Mayu, wanda ke wuce digiri 40, yana busar da kondansater masu tace kuran, kuma ƙa'idar masana ita ce duk ƙarin digiri 10 yana raba kwanansu biyu. Alamar mutuwarsu ziza ce mai kaifi, sau 100 a sakan, a lasifika duka biyu, ko da an rufe murya. Kyakkyawan ƙyallen da uwargida ke lulluɓa wa ampili yana kare ƙura, amma wajibi ne a yaye shi kafin a kunna, domin yana toshe kafofin shan iska.

A nan ne ya kamata hannun mai gida ya tsaya, kada garin neman gira a rasa ido. Manyan kondansater na iya riƙe wuta bayan an zare na'ura daga priz, don haka buɗe akwati aikin gwani ne. Kada kuma a yarda da mai cewa a yanke wayar ƙasa don gurnani ya daina: wannan waya ce ke tsakanin kuran da ran mutum. Haka nan ba a maye fizibil da guntun waya ko takardar kwalin taba. Idan jikin ampili yana jan hannu, ko yana warin ƙuna, a zare shi nan take, balle da damina, lokacin da yara ke yawo ba takalmi a kan siminti mai laima.

Wanda ya bi waɗannan matakai, in ma sai ya je wurin mai gyara, zai je da bayani: wace irin ƙara ce, a wane gefe, tana bin murya ko ba ta bi. Ya nemi a faɗa masa kuɗi kafin a fara aiki, a kuma ba shi tsohon abin da aka cire. Allah shi kiyaye dukiya da rayuka.